Jinin da Aka Shanya

Makon jiya wata yarinya daga cikin waɗanda makaranta ke turo mana su koyi aiki ta tsaya a bayana tana kallo ina gwada jinin wani jariri. Da na gama sai ta ce ashe dai shi ke nan, a zuba, a rufe, a danna, lamba ta fito. Ban tanka mata ba, don akwai aiki a gabana, kuma na san bakina, ba ya iya fitar da magana a hankali. Amma tun da ba ita kaɗai ke faɗar haka ba, bari in rubuta sau ɗaya, mai karantawa ya karanta. Na gaji da maimaitawa.

Sunana Zuwaira. Sakandare na gama, ban wuce nan ba. Mataimakiya ce ni a ɗakin gwajin jini, wanda kowa ke kira lab. Na yi aiki a Salaga, na yi a Yendi, yanzu ina Bawku. Na'urar da kuke rainawa sunanta da tsawo, sifektirofotomita, mu dai sifekto muke ce mata. A cikinta akwai 'yar fitila. Haske na fitowa ya ratsa ruwan da ka sa a gabansa, abin da ruwan ya shanye na hasken shi take lissafawa ta ba ka lamba. Ba ta san jariri ba, ba ta san uwarsa ba, ba ta san inda kwalbar ta biyo kafin ta iso teburina ba. Abin da ka ba ta shi za ta auna, ta kuma faɗa maka kanta tsaye ko da ƙarya ce.

Gwajin da ya fi cinye mini rai shi ne na ciwon shawarar jarirai. Jariri zai kwana biyu ko uku a duniya sai idonsa ya fara yin ruwan ɗorawa, fatarsa ta bi. Abin da ke rina shi ana kiransa bilirubin. In kaɗan ne yakan wuce da kansa. In ya yi yawa sai ya hau ƙwaƙwalwa, kuma in ya hau ba ya saukowa. Yaro ya tashi kurma, ko wuyansa ya ƙi tsayawa, ko ya koma. Lambar da ta fito daga teburina ita ke sa a ce wa uwa ta tafi gida, ko a kwantar da ɗanta a ƙarƙashin shuɗiyar fitila. Haske na cinye bilirubin, shi ya sa fitilar ke magani. Shi ya sa kuma kwalbar jinin da ta sha rana a hanya za ta ce maka yaro lafiya ƙalau, alhali kunnensa na tafiya.

Aikina na farko a Salaga wanke kubet ne, 'yan mitsi-mitsin kofunan nan masu kusurwa huɗu da ake zuba ruwan gwaji a ciki a sa a na'ura. Masta Braima, wanda ya koya mini aiki, tsohon ma'aikacin asibiti ne da ya yi ritaya ya buɗe ɗan lab ɗinsa kusa da inda motocin doyar Kpandai ke lodi. Gefe biyu na kubet garau suke, ta nan haske ke bi, biyun kuma dishi-dishi ne, ta nan ake riƙewa. Ranar da zai koya mini wannan bai yi dogon bayani ba. Ya zuba ruwa zalla ya karanta. Ya ciro, ya kama yatsana, a lokacin na gama cin soyayyar doya, ya dangwala a gefen da ke garau, ya mayar ya sake karantawa. Lambar ta motsa.

“To, ga shi,” ya ce. “Yatsanki na da shawara. A kwantar da shi ko a sallame shi?”

Tagar ɗakin nan ya liƙe ta da kwalin madara, ɗakin ya zama kamar tanda. In na yi ƙorafin zafi sai ya ce ba don ni aka gina ɗakin ba, don kwalabe aka gina. Sinadaranmu a kwalabe masu duhu suke zuwa, a firij suke kwana, kuma ba a barin murfinsu a buɗe ko da na tsawon amsa sallama ne. In aka ɗauke wuta, ni ce mai sa su a kula mai riƙe sanyi in ruga gidan wata mai sayar da ƙanƙara da ke da janareta, in roƙe ta wuri tsakanin ledojin sobolo, wato zoɓo. In wuta ta dawo kuma ba a fara aiki nan take, sai fitilar na'ura ta ɗumama ta daidaita. Mutane na zaune a benci suna ganin wuta ta dawo, suna ganina zaune na naɗe hannu, suna zagina da yare uku. Kafin jinin kowa kuma sai an karanta ruwan da ba komai a cikinsa don na'ura ta san sifili, sannan a karanta wani ruwa da muka riga muka san lambarsa, don mu san ko yau tana cikin hankalinta. Kumfa ɗaya a cikin kubet ya isa ya ɓata komai. Murfin na'ura da bai rufu sosai ba, haka. Duk wannan kafin dannawar da kuke gani.

Da Masta Braima ya kasa, ido ya ƙi, ya rufe wurin, sai na koma Yendi wajen wata ƙanwar babana na sami aiki a wani lab da ya fi girma. A Salaga na koyi kwalabe, a Yendi na koyi masu kawo su. Akwai wani malamin zaure da ya kawo jinin jikarsa a cikin hularsa, yana ba ni haƙuri wai ba shi da aljihu, bai san ya fi kowa iya ɗauka ba. Akwai samarin da ke rataye kwalba a farar leda a hannun babur, su tsaya hira a majalisa, su iso suna ce mini sauri suke yi. Akwai wata 'yar kasuwa da na miƙa wa takarda, ta tambayi ma'anar lambar, na ce ta yi sama. Ta dube ni ta ce in rage mata kaɗan mana, ai ita kullum nan take zuwa. Na ce mata ba gishiri nake aunawa ba. Ta kai ƙarata wajen mai wurin, aka ce in riƙa tausasa harshe. An daɗe ana ce mini haka.

Aure ya kawo ni Bawku, aikin kuma ya biyo ni. Lab ɗin da na shiga na wani ne mai digiri a fannin, shi ke da lasisi, shi ke duba abin da na yi, Oga muke kiransa. Yawancin jinin jariranmu daga wani ƙaramin gidan haihuwa yake zuwa a ɗaya gefen kasuwa, na wata ungozoma, Madam Lamisi. Tana da ƙa'ida: duk jaririn da aka haifa a wurinta sai an dawo da shi kafin suna ta duba shi, in ta ga ido ya sauya ta ɗebi jini. Wani dattijo ma'aikacinta ne ke kawo mana kwalaben a rufaffiyar kula a bayan babur. Shekaru muna haka ba wata matsala.

Sai shekarar da gari ya rikice. Ba zan shiga maganar wane da wane ba, duk wanda ya zauna a nan ya sani. Aka sa dokar hana fita da yamma, aka hana maza hawa babur. Dattijon ya tattara ya koma ƙauyensu. Oga ya kwashe iyalinsa zuwa Bolga, sai jifa-jifa yake leƙowa, sauran aiki ta waya. Madam ba ta da wanda za ta aika, sai ta riƙa ba dangin mai jego kwalbar su kawo da ƙafa. Na sayi baƙar leda na kai mata, na ce kowace kwalba a naɗe. Mata kuwa sai sun tambayi dalili. Wannan ta ce ko jinin na jin kunya ne, waccan ta ce ko don mayu ne. Na riƙa gaya musu gaskiya: rana na cinye abin da muke aunawa, in ta taɓa shi lambar sai ta sauka.

Bayan wani lokaci lambobin gidan Madam suka yi kyau. Suka yi kyau fiye da kima. Takan kira ni ta ce, da Hausarta ta zango, wato unguwar baƙi, da kowa “kai” ne a bakinta, “Zuwaira, kai ka tabbata? Yaron nan idon shi bai yi mini ba.” In ce mata abin da na'ura ta ba ni ke nan. A fatar yaranmu ido na ruɗi, shi ya sa ma ake gwajin, don haka takan bi lamba ta sallame su. Amma abin ya tsaya mini. Na zargi fitilar na'ura, na sa Oga ya aiko da sabuwa. Na zargi sinadari, ko ya lalace da yawan ɗauke wuta, na zubar da kwalba guda da sauranta, Oga ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwata da kyau. Na wanke kubet har hannuna ya yi kanta. Ruwan da muka san lambarsa kullum daidai yake fitowa. Jinin da na ɗiba da hannuna a lab shi ma ba ya ba ni mamaki. Na gidan Madam ne kawai, kuma duk a baƙar leda suke isowa, a ƙulle tsaf yadda na ce.

Ranar da Hajiya Memuna ta shigo, azahar ta wuce. Tsohuwa ce daga gidajen fatake na asali, Hausarta cikakkiya, mayafinta na ƙamshin turare. Ɗanta Seidu dillalin shanu ne, matarsa Rakiya ce ta haihu, namiji na farko a gidan bayan mata. Washegari suna. Ta ciro ledar daga jakarta ta ajiye a tebur, ta ce in yi mata sauri, mata na can suna daka, baƙi sun iso daga Yendi, wasu har ta Paga suka biyo duk da halin da ake ciki. Na kwance ledar. Ledar da sanyinta, kamar kowane abu da ya zauna a jaka. Kwalbar ciki kuwa da zafi, kamar kofin da aka gama shan shayi a ciki.

Na tambaye ta yaushe aka ɗebi jinin, ta ce da hantsi. Na ce ina ta tsaya tun hantsi, ta ce ƙafa ce ta tsufa. Na sa kwalbar a injin da ke juya jini ya ware ruwansa. Ruwan jinin mai shawara rawaya ne sosai, wannan kuwa ya koɗe, da wani kore-kore a ciki da ban so ba. Na yi gwajin duk da haka, yadda ake yi, ban tsallake komai ba. Lamba ta fito ƙasa, irin wadda ake cewa a je gida a ci suna.

Na kira Oga na gaya masa. Ya tambayi ruwan gwajin na'ura, na ce daidai. Ya ce in raina bai kwanta ba kada in fitar da takarda, in samo sabon jini. Na ce wa Hajiya sai mun koma gidan Madam.

“'Yata, rubuta abin da injin ya faɗa ki ba ni,” ta ce. “Ke an ce ki auna, ba a ce ki yi duba ba.”

Na ce ba zan rubuta ba. Na rufe lab, na tayar da babur ɗina, mu mata ba a hana mu ba. Na ce ta hau in kai ta, ta ce ita ba ta hawa bayan yarinya marar kunya. Na bar ta ta taho da ƙafar da ta tsufa.

Rakiya na zaune a gado da jaririn a cinya, ta riga ta ɗaure kayanta tana jiran takarda. Yarinya ce ƙarama, ba ta kai ni ba. Na tambaye ta yana kama nono, ta ce yaron mai haƙuri ne, barci kawai yake yi, sai an tashe shi, ko an tashe shi ma ya ɗan tsotsa ya saki. Tana faɗa tana murmushi, ita a ganinta yabo ne. Madam ta ɗauke shi ta kai bakin taga, ta danna tafin ƙafarsa da yatsa ta saki. Wurin ya fito rawaya. In shawara ta sauko har tafin ƙafa, ba sai na'ura ta yi magana ba. Da ya farka ya yi wani kuka siriri mai tsini, Madam ta dube ni, na dube ta.

Muna shirin ɗibar jini Hajiya ta iso tana haki. Ta ce jini nawa ne a jikin ɗan mutum da za a riƙa zuƙa kamar ana tatsar saniya. Na ce mata na farkon ya lalace, kuma ina so ta gaya mini inda kwalbar ta yini. Na zaci za ta musa. Ko kaɗan.

“Shanya shi na yi,” ta ce. “Ba ke kika ce rana na cinye ciwon ba? Ku ku sa yaro a ƙarƙashin fitila ya warke, ni na sa jininsa a ranar Allah ya warke. Ina laifin?”

“Jinin kwalba ya warke, Hajiya. Sai ki kai kwalbar gida gobe a raɗa mata suna.”

Madam ta ce, “Kai Zuwaira, bakin ka,” amma ba ta daina neman jijiya ba. Hajiya ta ce tun da take ba a taɓa yi mata irin wannan ba, ta tambayi 'yar gidan wace ce ni. Na gaya mata. Rakiya dai ta riƙe ƙafar ɗanta gam har aka gama. Har yau ban san ko tsohuwar ta yarda da abin da ta faɗa har zuciya ba, ko takardar sallama kawai take so. Ina jin duka biyun ne, kuma ita kanta ba ta raba su ba.

Na naɗe sabuwar kwalbar riɓi-riɓi, na cusa a cikin rigata, na koma. Na tarar an ɗauke wuta. Na ja ɗan janaretanmu har kafaɗata ta amsa kafin ya tashi, sannan na zauna jiran fitilar na'ura ta ɗumama, don ba ta san gaggawa ba. A nan Seidu ya same ni, an kira shi daga kasuwar shanu, ƙafarsa duk kashin dabba. Bai zauna ba, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon hannuna. Ruwan jinin ya fito kamar an narka man ja. Da na zuba sinadari sai ya rine ya yi duhu, har ya wuce abin da na'ura ke iya karantawa, sai da na tsarma shi na sake daga farko. Na karanta wa Oga lambar ta waya. Ya ce 'yar shuɗiyar fitilar da Madam ke da ita ba za ta iya ba, a wuce da shi babban asibiti yanzu, kafin a rufe hanya.

Seidu mutum ne mai sanyin magana. Ya ce ya ji, amma rago na ɗaure, an gaya wa liman, an gaya wa wanzami, tsohuwarsa ta tara mutane. Ko za a bari a yi suna da safe, da an shafa fatiha shi da kansa zai kai shi.

“Malam Seidu,” na ce, “sunan da za ku raɗa masa, kuna so in an kira ya ji?”

Ya tambaye ni ko abin ya kai haka. Na ce ya kai, kuma ban san ko bai riga ya wuce ba. Ya ciro waya ya kira wani abokinsa mai motar ɗaukar hatsi. A gaban motar nan aka sa Rakiya da jaririn, Madam ta bi su da takarda. Sun shiga asibiti rana na gab da faɗuwa, ni kuma na rufe lab a guje don kada dokar ta kama ni a hanya.

An yi suna washegari ba jariri ba uwarsa. Maza suka taru a ƙofar gida, aka yanka rago, aka ce Mumuni. Wanzami ya ci tuwo ya ɗauki jakarsa ya tafi bai buɗe ta ba. Mata suka ci suka sha suna tambayar ina angon, Hajiya na ba su labarin yarinyar lab da ta ɓata mata taro. Kafin la'asar maganar kwalba ta zaga unguwa, har ta kai kunnen surukata. Oga ya ce in je in ba da haƙuri, ba don gwajin ba, don bakin. Na je na durƙusa na ce Hajiya a yafe mini. Ta ce Allah ya yafe mana duka, tana kallon bango. Yaron ya yi kwanaki a ƙarƙashin fitilu da ƙyalle a ido, aka sallame shi. Likitan asibitin ya ce wa Rakiya maganar kunne sai gaba, a riƙa lura.

Abin da ya rage shi ne in san ko Hajiya kaɗai ce. Wata safiya na ajiye babur nesa da gidan Madam na zagaya ta baya. Akwai wata mai ƙosai a wurin, Mma Azara, tana da ɗan gini gajere a bayan rumfarta inda take kife kwanuka. A kan ginin ga farantin silba, a kan farantin ga kwalabe biyu a kwance da sunayen mutane a jiki, rana na dukansu, baƙaƙen ledojina kuma an danne su da dutse a gefe don kada iska ta ɗauke. Wasu mata biyu na zaune a inuwa suna shan koko suna jira.

Mma Azara ba ta ɓoye komai ba, har murna take na zo. Ta ce wata ce ta fara, aka sallami ɗanta, sai labari ya bazu. Ita aron faranti kawai take bayarwa, ba ta karɓar komai, saboda Allah take yi. Ta ce har juya musu kwalaben take in ta sami sarari, don kowane gefe ya samu. Na tsaya ina kallonta da matsamin ƙosai a hannunta. Na kwashe kwalaben, na ce wa matan su biyo ni ciki a sake ɗiba. Ɗaya ta biyo ni. Ɗayar ta ce sai ta tambayi mijinta.

Madam ta aika a nemo waɗanda aka sallama a watannin nan. An sami wasu, lafiya lau, da ma nasu mai wucewa ne. Wasu sun bar gari saboda rikici, sun tsallaka iyaka, ba mai lambar wayarsu. Wata ta dawo da kanta daga baya da ɗa a baya, wuyansa na lilo. Na tambaye ta ko kwalbarta ta hau farantin nan, ta ce a'a. Ban matsa ba. Ba abin da amsar za ta gyara.

Tun daga nan dangi ba sa ɗauko mini jinin shawara. Ko a kawo jaririn nan, ko in je da kaina in ɗauko. An buɗe hanya, maza sun koma kan babur, Oga ya dawo, ban sauya ba. Aikin ya ninku, bayana na ciwo, wata ranar sai in ratsa kasuwa sau da yawa har masu tumatir su fara yi mini tsiya wai ko kasuwar zan saya. Har yanzu in mace ta tambayi dalilin baƙar leda ina gaya mata gaskiya, sai dai yanzu ina ƙarawa da cewa ciwon na jikin yaro, ba ya cikin kwalba, in sa ta maimaita mini. Wasu na jin haushi. Su ji.

Ku da kuke zuwa daga makaranta kun fi ni sanin littafi, wannan ba gardama, wasunku sun koya mini abubuwan da ban sani ba game da hasken da ke cikin na'urar nan. Abin da nake roƙo kaɗan ne. In an miƙo muku kwalba ku tambayi wa ya ɗiba, yaushe, wa ya ɗauko, ina ya tsaya. In amsar ba ta zauna ba, ku tashi ku je ku ga yaron. Ba wanda zai gode muku, yawanci ma zagi za ku sha.

Bara, ranar kasuwa, na hango Hajiya Memuna wajen masu albasa tana ciniki. Wani yaro na riƙe da gefen zanenta, ya fara tafiya sosai, yana kallon wani jaki. Tun ranar ban haƙuri ba mu sake haɗuwa ba, in ta hango ni takan sauya layi. Yaron kuwa na san Mumuni ne, kamar Seidu ya yi kaki. Na lallaɓa ta bayansu inda ba zai gan ni ba, na sunkuya, na tafa hannu da ƙarfi.

Yaron ya zabura, ya juyo, ya fashe da kuka.

Hajiya ta waiwayo a fusace tana tambayar wace marar aikin yi ce ke tsorata mata jika. Sai ta ga ni ce. Ta dube ni, ta dubi hannuwana da ke haɗe har lokacin, ta ɗauki yaron ta saɓa a kafaɗa tana jijjiga shi.

“Yana ji,” ta ce. “Har abin da ba a so ya ji, ji yake. Wuce ki ba mu wuri.”

Na wuce.